Anu Araren: A buɗe littafin bashin 'yan majalisa

Duk 'yar kasuwar da ta san abin da take yi ba ta raina littafin bashi, domin ranar da gardama ta tashi shi ne shaida. Mu ma talakawan jihar Agadas muna bin 'yan majalisarmu bashi, sai dai ba mu taɓa ajiye musu littafi ba.

Mu fara da Anu Araren da ke kusa da Cirozerin. A nan kamfanin Sonichar, wanda aka kafa a 1975, yake haƙar gawayin ƙasa yana ƙona shi ya samar da wutar lantarki. Da wannan wuta aka yi shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit, da ita kuma masu ƙanƙara da teloli da masu injin niƙa na Agadas suke neman abinci. A 2006 majalisar dokoki a Yamai ta gyara dokar ma'adinai, ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu daga haƙar ma'adinai domin ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo arzikin. Doka ce mai kyau. To amma a cikinmu wa ya taɓa tsare ɗan majalisarsa ya tambaye shi nawa ne suka iso, kuma rijiya nawa ko aji nawa aka yi da su?

Sai wata dokar da ta taɓa aljihunmu kai tsaye. A watan Mayun 2015 majalisar ta amince da doka mai lamba 2015-36 ta hana safarar baƙin haure. Da aka tsananta aiki da ita a 2016, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Masu sayar da jarkoki da rawuna da tabarau, da iyayenmu mata masu tuwo da masu haya da ɗakuna, duk suka ji a jikinsu. Ba a soke ta ba sai a watan Nuwamban 2023, kuma sojoji ne suka soke ta. Wanne daga cikin wakilanmu ya zagaya kasuwa ya ji ta bakinmu kafin a kaɗa ƙuri'a a kanta?

Kada wani ya ce mana ɗan majalisa ba shi da ƙarfi. Ranar 31 ga Mayun 2007, 'yan majalisa 62 daga cikin 113 suka kayar da gwamnatin Firaminista Hama Amadu. Wanda ya iya sauke firaminista ba zai kasa bin diddigin kuɗin gari ba.

Matsala ta farko ita ce yadda muke zaɓe. Jam'iyya ce ke jera sunayen 'yan takararta na jiha, mu kuwa mu dangwala wa tambari, cinikin biri a sama ke nan. Ta biyu kuɗin yaƙin neman zaɓe. Atamfa da sukari da shinkafar da ake rabawa wani ne ya biya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan ɗan kwangila ne ya saya, shi za a fara yi wa aiki kafin mu.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rusa majalisar, a watan Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyu. Amma tsofaffin 'yan majalisar suna nan, kuma duk ranar da aka buga gangar zaɓe za mu gan su a bakin rumfunanmu.

Saboda haka muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin mata masu adashi su buɗe littafi tun yanzu. Kowane suna a yi masa shafi: wace doka ya kawo, wacce ya ɗaga wa hannu, wa ya biya masa motoci da atamfa. Wanda ya zo da amsa a shimfiɗa masa tabarma. Wanda ya zo da sukari kawai a nuna masa shafinsa.