Ciwon matsematsi: ba kullum ne kaba ba

Galibi da an ji ciwo a matsematsi sai a zargi kaba. Sai dai wani lokacin tushensa cutar sandarewar ƙashin baya ce, wadda likitoci ke kira ankailosin sifondilaitis.

Cutar kan fara ne kafin shekara 45, inda garkuwar jiki ke haddasa kumburi a mahaɗar ƙashin baya da ƙugu. Idan kumburin ya kai ga gaɓar kwatangwalo, ko inda jijiyoyin cinya suka manne da ƙashin mara, zafin kan bayyana a matsematsi, har ya gangara gwiwa.

Alamarta ita ce zafin kan tsananta cikin dare, jiki ya ƙage fiye da minti 30 da safe, sannan ya lafa idan an motsa.

Ƙwayar gado ta HLA-B27 da ake dangantawa da cutar ba ta da yawa a Afirka ta Yamma, don haka rashinta a gwajin jini bai kore cutar ba. Likita kan ɗauki hoton ƙashi, ya kuma tantance ko sikila ce ko tarin fuka na ƙashi.

Cutar ba ta warkewa, amma motsa jiki, gashin ƙashi, daina shan taba da magungunan rage kumburi irin su naproxen suna sassauta ta. Shan su barkatai kuwa na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Mazaunin Tudun Wada a Minna da bayansa ya haura wata 3 yana irin wannan ciwo, ya nufi Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB, domin jinkiri na iya lalata gaɓar har sai an yi tiyatar sauya ta.