Sashen da ya girma a ginin wucin gadi

A birnin Cambridge na jihar Massachusetts a Amurka akwai wata jami'ar kimiyya da fasaha wadda masana harshenta suka shafe shekaru da dama a ginin da ba a yi shi don ya daɗe ba. Gini na 20 ake ce masa. An haɗa shi da katako cikin gaggawa a 1943 don masu binciken rada, da niyyar a rushe shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Bai faɗi ba sai 1998.

Ginin ba shi da kyan gani. Da zafi a gasu, da hunturu iska ta riƙa shigowa ta tagogi. Amma da yake hukuma ba ta damu da shi ba, mai son huda bango ya ja waya sai kawai ya huda. Duk wanda aka rasa inda za a ajiye, can ake tura shi: injiniyoyi, ƙungiyar ɗalibai masu wasa da ƙananan jiragen ƙasa, har da ofishin horar da hafsoshin soja. Masanin harshe Noam Chomsky kuwa, wanda ya yi ƙaurin suna wajen adawa da yaƙin Biyetnam, rufi ɗaya suke da su.

Masanin harshe Morris Halle ya zo jami'ar a 1951 yana koyar da Rashanci da Jamusanci, Chomsky ya biyo shi a 1955. A 1961 suka fara ɗaukar ɗaliban digiri na uku. Ofisoshinsu na maƙwabtaka da juna, kuma musu shi ne abincin gidan: ɗalibi ya kawo hujja, a yi mata kaca-kaca, gobe ya dawo da gyara. A ganina wannan zaman ya fi kowace manhaja tasiri. Daga cikinsa littafin Chomsky da Halle kan tsarin sautin Ingilishi ya fito a 1968. Hausa ma ta leƙa wurin, domin William Leben, wanda ya kammala a 1973, ya yi nazarin karin sautinta.

A 1976 aka haɗa masana harshe da masana falsafa, irin su Judith Jarvis Thomson, a sashe guda. Auren bai zo da mamaki ba, tunda tambayar yadda magana ke ɗaukar ma'ana ta shafi kowane ɓangare.

A 2004 sashen ya tare a sabon gini mai bangaye a karkace da Frank Gehry ya zana a kan filin tsohon. Chomsky ya koma Arizona a 2017, Halle ya rasu a 2018.