Daga Buhun Wake Zuwa Digirin Digirgir: Neman Gurbi da Kuɗin Karatun Ƙira

Duk wanda ya san hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san wake na cikin manyan kayan da ke ƙetare iyakar Jibiya bayan kaka. A kasuwannin Nijar ake lodinsa, ya biyo ta Ɗan Isa da Magama, ya nufi Dawanau a Kano, daga can ya gangara kudu. Manomin Gangara, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Jibiya, ya san babban abokin gabar wannan haja: ƙwaron da ke shiga wake tun yana gona, ya mayar da buhu guda gari cikin 'yan watanni. Shekara da shekaru magani ake barbaɗawa, har ta kai a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda gubar da aka samu a jikinsa.

Akwai buhun da ya zo ya sauƙaƙa wannan matsala, wanda ake kira PICS. Leda biyu ne masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. A zuba wake a ta farko, a matse iska, a murɗe baki a ɗaure tamau. A ɗaure ta biyu daban, sannan na waje. Ƙwaron ya zuƙe 'yar iskar da ta rage, ya daina ci, ya mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Dabarar ta faro ne a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, tsakanin masanin ƙwari Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken noma na Marwa. Amma ba ta bazu a kasuwanni ba sai daga 2007, da Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa ta a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A Maraɗi, Ibrahim Baoua na cibiyar binciken noma ta INRAN ya yi ta gwaje-gwaje a kai, a Kano kuma kamfanin Lela Agro ya shiga ƙera buhunan. Don a cire wa manoma shakku, sai a ɗaure buhu a gaban jama'ar ƙauye bayan girbi, a dawo bayan watanni a kwance shi kowa na kallo.

Masanin ƙwari shi kaɗai ba zai kai buhun nan hannun manomi ba. Sai da aka samu wanda ya san kaurin ledar da ba za ta fashe ba, da wanda ya san farashin da talaka zai iya biya, da wanda ya san ko mai gida ne ke ajiye wake ko uwar gida. Irin wannan aikin, na haɗa fannoni da yawa a kan abu ɗaya da mutane za su yi amfani da shi, shi ne binciken ƙira, kuma yanzu ana yin digiri na uku a kansa. A 1993 Christopher Frayling na Royal College of Art da ke Landan ya raba shi gida uku: bincike a kan ƙira, bincike ta hanyar ƙira, da bincike domin ƙira. Na tsakiyan ne ya fi jan hankali, domin a nan ɗalibi ke ƙera abu da hannunsa, ya kai wa jama'a su gwada, ya dawo ya gyara, abin da ya koya a wannan kai-komo ya zama ilimin da zai kare a gaban malamai. Ƙasar Finland ta ɗauki abin da muhimmanci har ta haɗe jami'o'in fasaha da kasuwanci da zane wuri guda a 2010, aka samu Jami'ar Aalto.

A gida, ƙofa mafi kusa ga ɗan Katsina ita ce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda Tsangayar Tsara Muhalli ke da sashen ƙirar masana'antu, mai koyar da aikin yumɓu da saƙa da zanen bugawa, kusa da sassan zanen gine-gine da tsara birane. Ana neman digiri na biyu mai kyakkyawan sakamako, wanda a yawancin jami'o'in Najeriya bai gaza maki 3.5 cikin 5 ba, da takardar sakamako kai tsaye daga tsohuwar makaranta, da shaidar bautar ƙasa, da wasiƙun malaman da suka san mai nema. Karatun ba ya gaza shekara uku. A ƙasashen waje kuwa, ba dole sai wanda ya karanta zane tun farko ba. Mariam Issoufou, 'yar Nijar da ta tsara masallaci da ɗakin karatu na Hikma a Dandaji cikin jihar Tawa, aikin da aka kammala a 2018 da tubalin ƙasa, kwamfuta ta fara karantawa kafin ta koma zanen gine-gine, kuma a 2022 ta zama farfesa a jami'ar ETH ta Zurich.

Takardu dai kowa na iya tarawa. Inda ake tankaɗe da rairaya shi ne daftarin bincike, kuma a nan ne matasanmu da yawa ke faɗuwa. Sai ka ga an cika shafuka da "ina son in taimaki al'ummata", babu tambaya ko ɗaya da za a iya amsawa cikin shekara uku. Alhali ɗan bakin iyaka tambayoyi ne zube a ƙofar gidansa. An rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris 2024 Najeriya ta sanar da buɗewa. Me ke faruwa da kayan gwari idan mota ta yi kwanaki a tsaye cikin rana, kuma wane irin mazubi ne zai rage asarar ba tare da ya fi ƙarfin ɗan tireda ba? Mohammed Bah Abba na Jigawa ya sami kyautar Rolex a 2000 da tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, mai sanyaya kayan miya ba wutar lantarki. Har yanzu akwai sauran aiki a wannan fage. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai ratsa Jibiya. Yaya za a tsara tasha da kasuwarta yadda 'yan dako da mata masu sayar da abinci da 'yan acaɓa ba za su rasa abin yi ba? Tambaya irin wannan tana buƙatar ilimin gini da na tattalin arziki da na zamantakewa a lokaci guda, kuma farfesan da ke Turai ba zai iya zama a ofis ya amsa ta ba.

Bayan tambaya sai malamin da zai duba aikin. A nemi wanda ya yi rubutu a kan abin da ya yi kusa, a karanta aikinsa da gaske, a aika masa gajeriyar wasiƙa tare da daftari da hotunan abin da aka taɓa ƙerawa, ko da a bita ce ta unguwa. Wasiƙa ɗaya da aka kwafa aka watsa wa malamai hamsin, daga layin farko ake gane ta.

Sai maganar da ke hana barci: wa zai biya?

Ga malaman jami'o'i da kwalejojin gwamnati, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, asusun TETFund ne madogara, kuma ta hannun makarantar mutum ake nema. Sai dai daga Janairun 2025 asusun ya dakatar da tura malamai waje, saboda tsadar canji da kuma waɗanda suka tafi ba su dawo ba, ya bar tallafin karatun cikin gida. A 2025 ɗin kuma gwamnatin tarayya ta soke shirin BEA na musayar ɗalibai da wasu ƙasashe. Wanda ba ma'aikacin makaranta ba dama ba ya cikin lissafin TETFund, kuma wannan giɓi ne babba, domin masu hannun ƙira da yawa ba a aji suke ba.

Abin da ya rage a waje yana da wuyar samu, amma yana nan. Tallafin ƙasashe renon Ingila, wanda aka kafa a 1959, yana biyan kuɗin makaranta da na jirgi da na zama, kuma a Najeriya Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya na cikin masu miƙa sunaye. Yana da wani reshe da ya kamata a fi sani: ɗalibin da ya riga ya yi rajista a jami'ar gida zai iya samun wata 12 a wata jami'ar Birtaniya, ya yi amfani da kayan aikinsu ya dawo ya kammala. Ga mai binciken da filinsa Jibiya ne, wannan ya fi dacewa da a kwashe shi shekara uku daga mutanen da yake nazari. A Holan, a jami'o'i irin su Delft mai babbar tsangayar ƙirar masana'antu, ɗalibin digiri na uku yawanci ma'aikaci ne, ana tallata gurbin kamar aiki, a biya albashi shekara huɗu. Shirin Marie Curie na Tarayyar Turai ma albashi yake biya, kuma ɗan kowace ƙasa na iya nema. Jamus na da hukumar DAAD mai ba da tallafin karatu. A Kano kuwa, Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa a matsayin cibiyar ƙwarewa ta Afirka, tana karɓar ɗalibai har daga maƙwabtan ƙasashe, kuma batun adana amfanin gona ba baƙo ba ne a can.

Gargaɗi ɗaya ya zama dole. Takardar shiga jami'a daban, kuɗi daban. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, biya wa kai digiri na uku a Ingila ya fi ƙarfin gida mai matsakaicin hali, kuma bai kamata iyaye su sayar da gona a kan alkawarin wani dillali cewa "in ya isa can zai samu aiki" ba. Duk tallafin da aka ambata ba a sayen fom ɗinsa a hannun kowa.

Akwai kuma kuɗin da ake mantawa: fasfo, jarrabawar Turanci ta IELTS, kayan gwaji, ladan masu taimakawa a ƙauye. Ga batun tsaro, wanda Jibiya ta sha wahalarsa, kuma kwamitin ladubban bincike na kowace jami'a zai tambayi yadda ɗalibi zai kare kansa da waɗanda yake hira da su. Idan aikin zai ƙetara Nijar, yana da kyau a ƙulla hulɗa da wani malami a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tun da wuri, domin izini da takardun Faransanci. Hira da 'yan kasuwa kuwa da Hausa za a yi ta a ɓangarorin biyu, kuma ya kamata mai nema ya rubuta wannan ƙarara cikin abubuwan da ya fi sauran 'yan takara da su.

Tallafin ƙasashe renon Ingila yakan buɗe ne wajen Satumba zuwa Oktoba don karatun shekara mai zuwa, kuma yana buƙatar wasiƙar goyon baya daga malamin Birtaniya da ya yarda zai duba aikin. Don haka wanda ke son nema, tun kafin faɗuwar damina ya kamata ya gama daftarinsa, ya fara aika wasiƙu, ya kuma nemi takardar sakamakonsa, wadda kan ɗauki watanni kafin ta fito.