Busar da Masara da Adana ta: Jan Hankali ga Manoman Kagarko

Allah ya albarkaci ƙasar Kagarko da kewayen Kafanchan da ruwan sama mai yawa, wanda kan fara tun watan Afrilu har Oktoba. Saboda haka masarar farko takan nuna alhali damina ba ta ɗauke ba. A nan haɗarin yake, domin babban abokin gabar masara shi ne danshi.

Amfaninta ga Jiki

Masara abinci ce mai ba da ƙarfi. Da ita ake tuwo da fate da dambu da koko, a kuma gasa ɗanya ko a dafa. A cikin giram 100 na busasshiyar masara akwai kimanin giram 9 na sinadarin gina jiki, amma ba ya wadatar da yaro mai tasowa. Don haka a riƙa haɗa ta da wake ko gyaɗa ko kifi, a zuba rama ko alayyafo a fate. Masara mai ruwan ɗorawa ta fi fara sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare lafiyar ido.

Haɗarin Danshi

In aka tara masara da sauran laima, sai fumfuna ta kama ta. Wani irin fumfuna yana haifar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta, tana jawo sankarar hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Dahuwa ba ta kashe wannan guba. A shekarar 2004 mutum 125 suka rasu a gabashin ƙasar Kenya bayan sun ci irin wannan masara. Kada a ci masarar da ta yi fumfuna, kada kuma a ba kaji ko shanu, domin gubar tana bi ta cikin nonon saniya.

Yadda za a Busar

1. A girbe masara da zarar ta nuna, kada a bar ta yashe a gona.
2. A shanya a kan tabarma ko dandamalin siminti, ba a kan ƙasa ba, a riƙa juyawa.
3. A tsince ƙwayoyin da suka ruɓe ko suka sake launi, a binne su.
4. A busar har danshin ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari. Don gwadawa, a zuba ƙwayar masara da busasshen gishiri a cikin busasshiyar kwalba, a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya.

Yadda za a Adana

A share rumbu, a toshe ramukan ɓeraye, kada a haɗa sabuwar masara da tsohuwa. Buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. Cibiyar IITA ta Ibadan kuma ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da bunu, don rage gubar tun daga tushe.

Busarwa ta Hanyar Daskarewa

A ƙasashen da ke da manyan masana'antu akan daskarar da masara mai zaƙi, sa'an nan a zuƙe iskar da ke cikin na'ura har ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi ba tare da ta narke ba. Irin wannan masara tana riƙe launinta da yawancin sinadaranta, tana kuma shekaru a rufaffen gwangwani. In za a ci, sai a jiƙa ta a ruwan zafi na ƴan mintoci, ko a zuba ta a miya. Da an buɗe gwangwanin sai a rufe shi ruf, domin tana jan laima nan da nan. Hanyar tana da tsada, amma darasinta ɗaya ne da na rumbu: masarar da aka raba da ruwa ita ce mai daɗewa.

Duk mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa. Rigakafi ya fi magani.