Motoci Masu Magana Da Juna: Shirin Amurka Da Inda Ya Yi Tuntuɓe

A cikin watan Agusta na 2012, Ma'aikatar Sufuri ta Amurka tare da Jami'ar Mishigan suka soma wani gwaji a garin Ann Arbor, inda aka ɗaura wa motoci kimanin 2,800 wasu 'yan na'urorin rediyo. Akwai ƙananan motoci, akwai bas-bas, akwai manyan motocin kaya. Kowace tana aika saƙo sau goma cikin daƙiƙa guda, tana faɗin inda take, da gudun da take yi, da inda ta dosa. Saƙon kuwa yakan kai tazarar kimanin mita 300.

Maƙasudin farko shi ne rage haɗari. Amma masu tsara binciken sun hango wata fa'ida ta biyu, watau maganin cunkoso. A da, injiniyoyi sukan binne waya a cikin kwalta don ƙidayar motoci, ita kuwa ba ta sanin komai sai abin da ya ratsa ta kanta. To, idan kowace mota tana ba da labarin kanta, ai hanyar gaba ɗaya ta fito fili. Direban da ke tafe da gudu za a gargaɗe shi cewa akwai jerin motoci tsaye bayan kwana. Za a kuma iya umartar na baya su sassauta tun da nisa, domin sau da yawa birkin mutum guda ne yake haifar da cunkoso, kowa na bayansa ya taka fiye da na gabansa har tafiya ta tsaya cik. Fitilun ba da hannu ma za su iya yi wa bas ɗin da ta makara alfarmar 'yan daƙiƙoƙi.

A 2015 aka zaɓi wurare uku don faɗaɗa gwajin: birnin New York, da Tampa ta Jihar Fulorida, da Jihar Wayomin. Na Wayomin ya fi ban sha'awa, gama can ba yawan motoci ne matsala ba. Babbar hanya mai lamba 80 ta ratsa jihar tsawon mil 402, ga ƙanƙara, ga iska mai kifar da manyan motoci, kuma da zarar an rufe ta sai kaya su yi ta jira.

Sai dai dabarar ba ta da amfani sosai sai motoci masu yawa sun ɗauki na'urar, kuma a nan aka yi ta jan ƙafa. Tun 1999 hukumar sadarwa ta ƙasar ta keɓe megahaz 75 na zangon rediyo domin wannan aiki. A Disambar 2016 gwamnati ta gabatar da daftarin dokar da za ta tilasta sa na'urar cikin sababbin motoci, amma ba a zartar ba. Kamfanoni suka tsaya jiran doka, hukumomin hanya suka tsaya jiran kamfanoni. Kamfanin Toyota, wanda ya yi alkawari a 2018 cewa zai soma sa ta, ya dakatar da shirin a 2019.

Filin da aka bari ba shuka kuwa ba ya rasa mai so. A Nuwambar 2020 hukumar sadarwar ta yanke megahaz 45 ta bai wa masu Wi-Fi, duk da ƙorafin Ma'aikatar Sufuri. Sauran 30 ɗin ta ce a koma da su kan wata fasaha ta daban mai tushe a hanyar wayar salula, abin da ya nuna cewa na'urorin da aka yi shekaru ana gwadawa sai an sauya su. Daftarin dokar nan na 2016 kuma aka janye shi a 2023.