Gansakuka a Tankin Kifi: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

A Gwarzo da Kabo, kamar sauran garuruwan Jihar Kano, za ka tarar da mai tamfol a bayan ɗaki ya zuba tarwaɗa don sayarwa, ga kuma wanda ya sayo akwatin gilashi daga birni da kifayen ado huɗu ko biyar, ya ajiye a falo ko a shagon aski. Kafin wata ya zagayo kukansu ɗaya ne: ruwa ya koma kore, bango ya yi santsi. Gansakuka ce. Ita kanta ba kasafai take kashe kifi ba. Wankin da sabon mai kiwo yake yi don ya rabu da ita, shi ya fi yin kisa.

Daga ina take fitowa?

Gansakuka tana rayuwa ne irin ta tsiro, sai dai ba ta da saiwa ko ganye. Irinta yana cikin ƙura, yana cikin ruwan da aka zuba, yana cikin ledar da aka ɗauro kifin. Babu mai iya hana shi shiga. Abu biyu take jira, haske da taki. Haske kuwa ba ma rasa shi a ƙasar nan. Takin shi ne kashin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasan tanki, waɗanda ke sakin sinadaran nitirat da fosfet, irin waɗanda manomi yake biya da tsada a buhun NPK. Duk tankin da gansakuka ta mamaye, ko dai rana ta yi masa yawa, ko abinci, ko kifayen sun fi ƙarfin ruwan.

Ba duka ce iri ɗaya ba

Akwai mai ruwan ƙasa, wadda ke kwantawa a gilashi kamar an yayyafa gari. Ta sabon tanki ce, yatsa ma yana goge ta, kuma yawanci takan tafi da kanta bayan 'yan makonni. Akwai ɗigo-ɗigon kore masu tauri, sai an kankare. Akwai mai zare-zare da ke naɗe duwatsu, wadda ake naɗo ta da sabon buroshin goge baki. Akwai kuma wadda ke yawo cikin ruwan har a daina ganin kifi. Wannan canjin ruwa ba ya maganinta, kwana kaɗan ta dawo. A lulluɓe tankin da bargo kwana 3 zuwa 4, na'urar iska na aiki, rashin haske zai karya ta.

Wadda ake tsoro ita ce mai shuɗi-shuɗi, mai yauƙi da ƙarni, da ke ɗagowa falle-falle. A kimiyyance ƙwayar bakteriya ce, wasu nau'o'inta kuma suna fitar da guba. A zuƙe ta, kada a bar awaki ko kaji su sha ruwan.

Wanki: inda aka fi yin ɓarna

Ga yadda aka saba: a kwashe kifaye a zuba a bokiti, a zubar da ruwa duka, a dirje gilashi da duwatsu da omo, a cika da sabon ruwa garau. Tanki ya yi kyau, bayan kwana biyu kifaye sun fara juya ciki sama.

Dalilin ba a ganinsa da ido. Kifi yana fitar da amoniya ta ƙarƙashin kunnuwansa da kuma kashinsa, ita kuwa guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, da ke zaune a jikin tsakuwa da soson matatar ruwan tanki, su ke mayar da ita nitirayit, sannan nitirat wanda cutarwarsa kaɗan ce. Kafin su yi yawan da za su iya wannan aiki sai an yi makonni 4 zuwa 6. Wankin omo yana share su a rana ɗaya, ya koma da tanki farko, ga kuma ragowar sabulu da ke ƙona kunnuwan kifi.

Wankin da ya dace bai kai wannan wahala ba. Kifi na ciki, a goge gilashin da sabon soso wanda bai taɓa ganin sabulu ba. Masu tauri a bi su da reza a kwance, idan gilashi ne. Idan roba ce reza za ta karce shi, tsohon katin ATM ya fi. Sai a sa siririn tiyo a zuƙo dattin da ya kwanta cikin tsakuwa, a fitar da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ba fiye ba, sau ɗaya a mako. Soson matatar ruwan a matse shi cikin wannan tsohon ruwan da aka fitar, kada a kai shi famfo. Ruwan kuma a ba shuka, taki ne.

Magungunan kashe gansakuka na kwalba, ban cika ba sabon mai kiwo shawarar su ba. Da yawansu suna da sinadarin tagulla, sannan idan ta mutu gaba ɗaya ta ruɓe, ita ma iskar ruwan za ta cinye.

Wane ruwa za a ƙara?

Ruwan famfo mai kulorin a bar shi a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya. Na burtsatse ba shi da kulorin, amma yana fitowa da ƙarancin iska, shi ma a bari ya kwana. Ruwan dam kuwa, ko na Guzu-Guzu ko na Magaga ko na Challawa da ke Karaye, kada ganin kifi na rayuwa a ciki ya ruɗe ka. Yana ɗauke da irin gansakuka da ƙwayoyin cutar kifi, ga takin da yake wankowa daga gonaki. A lokacin hunturu a kula kada a zuba ruwan da ya kwana a waje ya yi sanyi sosai a kan kifin da ke ɗaki.

Rana da abinci

A ɗauke tanki daga bakin taga. Fitilarsa awa 6 zuwa 8 ta isa a yini. Masu sola sun fi faɗawa wannan tarko, don fitila takan kwana a kunne. Abinci kuwa abin da za su cinye cikin minti 2 zuwa 3. A gidan da yara suke, kowa ya wuce sai ya barbaɗa, gara a ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki.

Masu sayarwa kan tallata wani kifi mai manne baki a gilashi, ɗan asalin Kudancin Amurka, wai shi ne mai shara. Yana ci, amma nau'in da aka fi sayarwa yakan wuce santimita 30, kashinsa kuma ya fi sharar da yake yi.

Mai tamfol da mai kududdufi

A nan hukunci ya bambanta. A kududdufin karfasa koren ruwa abinci ne, har kashin kaji ake zubawa don ya yi. Ma'auninsa hannu: ka tsoma zuwa gwiwar hannu, in tafinka ya ɓace tun kafin ka kai can, kore ya yi yawa, a rage abinci a sako sabon ruwa. Haɗarin yana zuwa da dare. Da rana gansakuka tana ba ruwa iskar oksijin, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, ga shi ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Shi ya sa a zafin Afrilu da Mayu ake wayar gari da asara. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, don haka takan jure, karfasa da yawancin kifin ado ba su da wannan gata. A riƙa leƙa su bayan sallar asuba. In an gan su sun taru a sama suna buɗe baki, a canza wani ɓangare na ruwan nan take, a kunna na'urar iska, kuma kada a ba su abinci ranar.