Abin da ya kamata a duba kafin sayen kaskon suya na lantarki

A Nassarawa GRA da sauran unguwannin Kano, kaskon lantarki ya samu shiga ɗakunan girki, sai dai wani ba ya shekara yake mutuwa. Sau da yawa matsalar daga wajen saye take farawa.

Da farko a duba ƙarfin wuta. Lantarkin Najeriya volt 230 ne, na Amurka kuwa 120. Kaskon da aka ƙera domin Amurka, irin wanda ke zuwa cikin kayan gwanjo, zai iya ƙonewa a jonawar farko. Don haka a karanta rubutun da ke ƙasansa tun a shago.

Sannan a ɗaga shi a ji nauyinsa. Mai kaurin gindi yana raba zafi daidai, kuma ba ya lanƙwashewa. A fifita wanda na'urar daidaita zafinsa ke cirewa, domin in ta lalace ita kaɗai za a sauya.

Kasko mai wat 1,500 kan ci yunit ɗaya da rabi a awa guda, ƙaramin janareta kuma ba zai ɗauke shi ba.

In an kai shi gida, a riƙa juyi da cokalin katako. Na ƙarfe yana kankare shafen da ke hana abinci kamawa.